Maƙerar dodanni

 Yau zan kai ku wata irin maƙera wadda babu zugazugi a cikinta, babu masaba, babu gawayi, abin da ake ƙerawa a ciki kuwa shi ne dodanni. Na san wani alhaji a kasuwar Maraɗi, ko wani ma'aikaci a bironsa a Yamai, zai ce lalle ɗan jaridar nan ya rasa abin faɗi. To, a yi haƙuri a bi ni zuwa ƙarshe, domin sana'a ce wadda ta shekara hamsin da ɗoriya tana ci da mutane a Amurka da Turai, har ta kai an yi rigima a kan wane ne mai dodo, kamar yadda ake rigima a kan iyakar gona.

Da farko sai in bayyana wasan da ake ƙera dodannin dominsa. Mutum huɗu ko biyar ne za su kewaye tebur, kowa da takarda da alƙalami. Kowane ɗaya ya ɗauki jarumi guda ya shiga rigarsa: wannan mayaƙi mai sulke, wannan mai sihiri, wancan ɓarawo gwanin buɗe kwaɗo. Akwai kuma mutum guda, wanda zan kira sarkin wasa, shi ba shi da jarumi, shi ne bakin duniyar labarin baki ɗaya. Shi ke cewa: kun iso bakin kogo, ga ƙasusuwa zube, ga wani wari yana fitowa daga ciki, me za ku yi? Su kuma su yi shawara su faɗi abin da suka yanke. In abin da jarumi ke son yi yana iya yiwuwa, yana kuma iya ƙi, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ƴaƴan lidon nasu ba mai fuska 6 kaɗai ba ne irin wanda muka sani, akwai mai 4, da mai 8, da mai 10, da mai 12, da babbansu mai fuska 20. Ba caca ba ce, ba a zuba kuɗi, ba wanda ke cinye wani. Tatsuniya ce wadda masu saurare ke da baki a cikinta, mai ba da ita kansa bai san inda za ta ƙare ba.

Wasan da ya buɗe wannan hanya, Dungeons & Dragons, ya fito a shekara ta 1974 a wani ƙaramin gari mai suna Lake Geneva, cikin jihar Wiskonsin ta Amurka. Mutum biyu suka haɗa shi, Gary Gygax da Dave Arneson. Shi Gygax a lokacin gyaran takalma yake yi a gidansa, bayan ya rasa aikinsa a wani kamfanin inshora. Bugun farko guda 1000 ne kacal, ƴan littattafai uku cikin kwali, ana sayar da kowane kwali dala 10, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa 5 ba. Daga nan ya ƙetara teku ya shiga Faransa, inda mujallar Casus Belli, wadda François Marcela-Froideval ya kafa a 1980, ta yaɗa shi, aka kuma fassara shi da sunan Donjons et Dragons. Ta wannan hanya ce ni ma na san shi, domin wani abokina da muka yi lise tare ya tafi karatu Faransa, ya komo da littattafan wasan cikin akwatinsa, muka kwashe hutu guda muna kashe dare a kansu.

To, me ya sa ake bukatar sababbin dodanni? Dalili shi ne, ƴan wasa su ma suna karanta littafi. Akwai wani tsohon dodo a wasan da ake kira Troll, wanda duk inda aka sare shi sai naman ya sake tohowa. Ran da ƴan wasa suka fara gamuwa da shi, hankalinsu tashi yake yi, suna sara yana miƙewa. Amma da zarar sun gane wuta ce maganinsa, shi ke nan, ko yaushe suka gan shi sai su kunna itace su gama da shi, su wuce suna hira. Dodon da aka gano lagonsa ya zama ɗan akuya. An ce rashin sani ya fi dare duhu, wannan duhun kuwa shi ne jarin sarkin wasa, in ya ƙare dole ya koma maƙera.

A nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo, in aka ce ya ƙera dodo, sai ya ɗauko wanda aka sani ya ƙara masa kai biyu, ya tsawaita haƙora, ya ninka yawan saran da za a yi masa kafin ya faɗi. Abin da ke biyo baya shi ne faɗa mai tsawo wanda ba shi da daɗi, ana ta jefa ɗan lido ana rage lissafi, kamar masu ƙidayar buhuna a bakin sito. Ba wanda ya ji tsoro, ba wanda ya yi tunani. Gwani kuwa ta wata ƙofa yake shiga, kuma labarin da zan ba ku yanzu ya isa misali.

A farkon shekarun 1970, Gygax ya sayi wani ƙunshin ƴan dabbobin roba masu arha, irin na wasan yara, ƙirar Honkon. An ce wai siffofin dabbobin zamanin da ne, amma waɗansunsu ba su yi kama da kowace halitta da aka taɓa sani ba. Maimakon a jefar da su, sai aka ɗora su a kan tebur aka shiga neman abin da za su zama. Ɗaya ya zama dodo mai kan mujiya da jikin ƙatuwar dabbar daji. Ɗaya ya zama mai iyo a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda kifi ke iyo a ruwa. Na uku kuwa wani ɗan abu ne mai gashin baki biyu dogaye, da wutsiya mai kama da farfelar jirgi, ba shi da farce, ba shi da haƙori, ba shi da kwarjini ko kaɗan. Shi ne ya zama dodon tsatsa, wanda ya shiga littafi a 1975.

A littattafan farko wannan dodo ko cizo ba ya yi. Abin da ya iya guda ɗaya ne: duk ƙarfen da ya taɓa da gashin bakinsa, nan take ya yi tsatsa ya ruɓe, shi kuma ya cinye, domin abincinsa ke nan. Na ga aikinsa da idona a teburin abokin nan nawa. Akwai wani daga cikinmu da ya shafe makonni yana tara dukiya cikin labarin har ya sayi sulke da takobi na gani na faɗa, ba ya ja da baya a gaban kowa. Ran da wannan ɗan abu ya ɓullo yana sansanar ƙarfe, sai ga sadaukin namu a guje, ya je ya laɓe a bayan mai sihiri, wanda ba shi da komai sai rigar ƙyalle da sandar itace. Wanda aka saba karewa shi ya koma mai kare mutane. A ƙarshe ɓarawon cikinmu ne ya tuna da ƙusoshin da ke cikin jakarsa, ya watsa su can nesa, dodon ya bi su yana kiwo, muka samu muka wuce. Ba a zubar da jini ko ɗigo ba, amma har yau in mun haɗu sai an tada maganar. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Darasin da ke ciki shi ne, dodo na ƙwarai ba da girma ake auna shi ba, ana auna shi ne da abin da yake raba mutum da shi. Gwanin maƙeri yakan fara duba abin da ƴan wasansa suka dogara a kai, sa'an nan ya ƙera abin da zai taɓa daidai wurin. Sun dogara ga ƙarfe, ga dodon tsatsa. Sun saba duk akwatin da suka gani a kogo su ruga su buɗe, sai aka ƙera musu, a 1977, wani dodo mai rikiɗa ya zama akwatin dukiya, wanda duk ya kai hannu sai hannun ya manne, akwatin ya buɗe baki. Kwaɗayi mabuɗin wahala, ga shi an ba shi haƙora. Sun dogara ga sihiri, sai wani saurayi mai suna Terry Kuntz ya ƙago Beholder, wato mai kallo, wani ƙaton dunƙule mai shawagi a iska, da ƙananan idanu 10 a kan tsirrai, da babban ido guda a tsakiya wanda duk sihirin da ya kalla sai ya mutu.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne wanda aka ƙera daga takardar lissafi. Taswirar kogunan wasan a kan takarda mai ƴan gidaje ake zana ta, irin ta kayen lakwal, kowane gida yana matsayin ƙafa 10, wato kimanin mita 3. Saboda haka yawancin lungunan kogo faɗinsu gida guda ne. Sai aka ƙera wani dodo mai kusurwa huɗu, ƙafa 10 ta kowane gefe, jikinsa kamar daskararren ruwa, ana hangen bayansa ta cikinsa. Yana cika lungu dam, ba hanya ta dama, ba ta hagu, yana tafe a hankali yana share duk abin da ya tarar. Nama yakan narke a cikinsa, amma kuɗi da ƙarfe ba su narkewa, sai mutum ya hango tsabar zinariya tana tafiya a iska ita kaɗai, ya matsa ya ɗauka. Wannan dodo ya amsa wata tambaya ma da ba wanda ya yi: wa ke share waɗannan koguna?

Mu da muka tashi da labarin Bayajida ba baƙi ba ne ga wannan hikima. Wa ya damu da tsawon macijin rijiyar Kusugu a Daura, ko yawan haƙoransa? Abin da aka riƙe shi ne ya hana gari ruwa sai ranar Juma'a. Abin da ya hana shi ne ya sa ya zama dodo, shi ne kuma ya sa kashe shi ya zama labari.

In aka samu wannan tushe, sauran aikin tambayoyi ne guda uku. Ta farko, me dodon yake so? Wanda ba ya son komai sai kisa ba a iya yi masa dabara, alhali mai jin yunwa ana iya ba shi abinci, mai gadin ƙwai ana iya kauce wa sheƙarsa, mai hankali ana iya yin ciniki da shi. Tun daga 1983 mujallar Dragon ta buɗe fili na musamman inda ake ɗaukar dodo guda a bayyana abin da yake ci, da inda yake kwana, da yadda yake haihuwa, kamar darasin ilimin dabbobi. Ta biyu, ina lagonsa? Dodon da ba shi da lago zalunci ne kawai daga sarkin wasa. Ta uku, wace alama yake bari? Adalci ya wajabta a yi gargaɗi: tarin jar ƙura a inda ya kamata a ga ƙofar ƙarfe, ko lungun da ya cika tsabta fiye da kima. Mai lura ya tsira, wanda ya yi gaggawa kuma kada ya zargi kowa.

Sai bayan an gama da waɗannan ake zuwa ga lissafi. Babban littafin dodanni na farko, Monster Manual, ya fito a 1977 da dodanni fiye da 350, an jera su bi da bi bisa haruffa. Ma'aikatan gwamnati za su gane tsarinsa nan da nan, domin kowane dodo da dosiyensa: sau nawa ake gamuwa da shi, su nawa suke tafiya tare, kaurin fatarsa, saurinsa, yawan ransa, ƙarfin bugunsa, hankalinsa, da irin dukiyar da ake samu a raminsa. Sabon bugun da ya fito a 2025 ya haura dodanni 500. Amma dosiye ba shi ne ma'aikaci ba, kowa ya san haka. A cikin littafin akwai aro da yawa daga labaran al'ummomi, har da aljani da ifritu na labaran Larabawa waɗanda muka sani ta Dare Dubu da Ɗaya, kuma sau da yawa suna kawai aka ɗauko aka liƙa masa lambobi, aka bar ma'anar a gida.

Abin da ya rayar da wannan sana'a shi ne ba a bar ta a hannun kamfani shi kaɗai ba. A Ingila, mujallar White Dwarf ta buɗe fili inda masu karatu ke aiko da dodannin da suka ƙera, wani mai suna Don Turnbull yana tacewa. A 1981 aka tattara da yawa daga cikinsu aka buga littafin Fiend Folio. Cikin masu aikowa akwai wani yaro ɗan makaranta, Charles Stross, wanda ya ƙago wata ƙabilar mayaƙa mai suna Githyanki. Yaron ya girma ya zama sanannen marubucin littattafai, ƙabilar tasa kuma tana nan har cikin wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 da ya fito a 2023. A cikin littafin nan dai akwai wani dodo mai suna Flumph, mai kama da faifai mai shawagi, mai kyakkyawar zuciya, wanda in aka kifar da shi ba ya iya tashi. An shekara talatin ana yi masa dariya, amma a 2014 aka shigar da shi cikin babban littafi, domin an gane ko a cikin kogo matafiyi yana bukatar wanda zai yi masa sannu.

Ga inda maganar ta shafi ƴan kasuwa. In dodo ya yi farin jini ya zama haja, haja kuwa tana da mai ita. Tun a 1977 masu riƙe da haƙƙin labaran Tolkien suka tilasta wa kamfanin Gygax, wato TSR, ya sake sunayen waɗansu halittu da ya ara. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR, a 1999 shi ma Hasbro ya saye shi. A shekara ta 2000 sababbin masu wasan suka fitar da wata takardar izini wadda ta ba kowa damar ya ƙera dodanni bisa ƙa'idojin wasan, ya buga, ya sayar, ba tare da ya biya ko tamma ba. Sun keɓe wa kansu ƴan kaɗan, har da mai kallo da ƙabilar yaron nan na Ingila, amma dodon tsatsa da akwati mai baki suka zama na kowa. Ƙananan maɗaba'u da yawa suka rayu a ƙarƙashin wannan inuwa. Kwatsam, a watan Janairu na 2023, sai ga wani daftari ya fito fili wanda ke nuna kamfanin yana shirin soke tsohon izinin, ya kuma karɓi kashi 25 cikin 100 na cinikin da ya haura dalar Amurka 750 000 a shekara. Ƴan wasa da masu buga littattafai suka yi ca, da yawa suka janye kuɗinsu, waɗansu suka fara shirin ƙaura zuwa wasu wasanni. Kafin watan ya ƙare kamfanin ya janye, ya ma saki ƙa'idojin a ƙarƙashin wani izini wanda ba ya da ikon sokewa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kamfanin ya manta cewa mafi yawan dodannin da ake wasa da su a duniya ba a cikin littafinsa suke ba, suna cikin kayen sarakunan wasa ne, an rubuta su da hannu.

Da yake ba a zuwa maƙera a fito hannu sake, ga nawa dodon da na ƙera wa abokaina. Sunansa Sha-tawada. Girmansa bai wuce na tsaka ba, ba ya cizo, ba ya da dafi. Yana zaune ne a inda ake ajiye takardu, da dare ya fito ya lashe rubutu, ya bar takarda fara fat kamar ba a taɓa sa mata alƙalami ba. Alamarsa ita ce ɗan baƙin kashi a gefen littafi. Lagonsa kuwa, duk abin da ya lasa yana bayyana a fatarsa har kwana uku, in an kama shi da rai ana iya kwafewa, in aka kashe shi rubutun ya tafi har abada.

Na sa wani attajiri a cikin labarin ya ɗauki jaruman haya, domin littafin bashinsa yana ta komawa fari. Da suka bi sawu sai suka tarar mutanen unguwa sun san da dodon, har suna ɓoye shi, domin kowane dare bashin wani talaka yana gogewa. Kafin su gama tausayi, sai ga wata gwauruwa tana kuka, takardar gonar marayunta ita ma ta zama fara, ga kuma mai ƙarfi yana jiran ya ƙwace gonar. Mai sihirin cikinsu, wanda duk iliminsa a littafi guda yake, ya rungume jakarsa ya ce shi ba ya kwana a garin. Ɗan wasanmu guda, wanda gidansu ƴan kasuwa ne, ya dage cewa bashi amana ne, a kama dodon a maido kowane layi. Wani, ma'aikaci, ya ce a kwafe takardar gona kaɗai a bar sauran kwana ukun su cika. Muka yi awa biyu ana gardama ba a jefa ɗan lido ko sau ɗaya ba. Da aka tashi ba a sasanta ba, kowa ya tafi gida da nasa ra'ayi, ni kuwa na san ƙirar ta yi.

Na ba da Sha-tawada kyauta ga duk mai so, ba na neman kashi ko ɗaya cikin ɗari. Wanda kuma ya ga zai iya ƙera wanda ya fi shi, ya aiko mana da wasiƙa, amma kada ya gaya mini tsawon haƙoransa. Ya gaya mini abin da yake ci, da inda lagonsa yake, da abin da zai raba ni da shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.